Darasi na 14: Tashi daga Bukkar Rani, Ziyarar Dangi da Komawa Gida

Wannan darasi yana magana ne a kan kwanakin ƙarshe na mutumin da ya yi watanni a bukka yana noman rani, ko su, ko ƙwadago, nesa da iyalinsa, ga damina ta ƙarato, lokacin komawa gida ya yi. A cikinsa akwai karatu, akwai lissafi, akwai kuma aikin rubutu. Malami ya fara karanta sashe ɗaya da ƙarfi, sannan ɗalibai su karɓa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa yin irin wannan zama a ba shi dama ya faɗi abin da ya gani da idonsa, domin a wannan fanni ɗalibai da yawa sun fi littafi sani.

Cin rani a ƙasar Gwandu

Garuruwan ƙasar Gwandu, irin su Dodoru, Dalijan, Kambaza, Malisa da Gulmare, abin da suka fi dogara da shi a damina shi ne gero da dawa da wake. Ruwan sama yakan sauka daga wajen Mayu ko Yuni zuwa ƙarshen Satumba. In an gama kaka, an ɗaure damma an zuba a rumbu, sai a shiga dogon rani wanda gonar tudu ba ta da aiki a cikinsa. Shi ya sa tun kaka da kakanni matasa da magidanta suke fita cin rani, don a rage wa rumbu baki, a kuma nemo kuɗin sutura da na aure, a da can har da na haraji. A shekarun 1950 wani Baturen Birtaniya masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya yi nazarin wannan fita a tsohon Lardin Sakkwato, wanda Gwandu da Argungu ke cikinsa. Ya tarar da mutane suna gangarawa gonakin koko na ƙasar Yarbawa, wasu har Gwalkwas, wato Ghana ta yau, mafi yawansu kuma suna juyowa kafin shuka.

Har yanzu ana zuwa kudu, amma hanya ta ƙaru. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 ƙananan injinan ban ruwa suka maye gurbin jigo a fadamu da yawa. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, sannan ga manyan injinan casa irin na Labana a Birnin Kebbi da na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Fadamun Argungu, Birnin Kebbi, Kalgo, Bunza da Suru suka cika da masu shinkafar rani. Mutum yakan kama fili haya ko aro, ya kafa bukkar zana ko ta tamfol a gefen gona, ya zauna tare da injinsa. Irin shinkafar da aka fi shukawa, kamar Faro 44, takan ɗauki kusan wata huɗu kafin ta nuna. Wanda ya dasa cikin hunturu zai yi yanka ne a bazara, daidai lokacin da hadari ya fara lekowa daga gabas, gonarsa ta tudu kuma tana can tana jiran shara.

To a nan gizo yake saƙa. Mutumin da ya jure sauro da sanyin asuba da korar tsuntsayen jan-baki na tsawon watanni yana iya zubar da rabin wahalarsa a cikin makon ƙarshe, saboda gaggawa, ko kunya, ko rashin rubuta lissafi.

Lissafi kafin a ɗaure kaya

Mu ɗauki misalin wani magidanci ɗan Dodoru da ya yi noman rani a fadamar Kalgo tare da ƙanensa. Sun yanke, sun buge, sun sheƙe, sun auna, suka sami buhu 40 na shanshera. Ganin buhunan a jere a kan tamfol yana da daɗi, amma ba duka ne nasa ba. Aikin farko shi ne ya zauna a inuwa da littafi da biro, ya raba abin da ke nasa da abin da ke na mutane.

Zakka ce ta farko. Nisabin hatsi wusiƙi 5 ne, wato sa'i 300, wanda malamai da yawa na wannan zamani suke ƙiyastawa da kilo 650 ko kusa da haka. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da ɗaya bisa goma. Abin da aka shayar da wahala, kamar da inji da fetur, ana fitar masa da rabin haka, wato ɗaya bisa ashirin. A buhu 40 na shinkafar rani ke nan za a fitar da buhu 2. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasarmu, ana fitar da zakkar hatsi ne daga jimillar abin da aka girbe, ba a fara cire bashi ko kuɗin aiki ba, kuma tana kan wanda ya noma ko da gonar ta haya ce. Albasa da tumatir da tattasai ba a fitar musu da zakkar amfanin gona a wannan mazhaba. Kuɗin da aka samu daga gare su yana da nasa hukuncin, sai a tambayi malamin unguwa.

Bayan zakka sai haƙƙin mutane. A misalinmu, mai gona an yi da shi a kan buhu 4. Ɗan kasuwar da ya ba da taki da fetur bashi zai karɓi abin da ya kai buhu 9. 'Yan ƙwadagon dashe da yanka da bugu suna bin abin da ya kai buhu 5. Kuɗin dako da na mota zuwa Dodoru zai ci buhu 2. In aka haɗa da zakka an fitar da 22, saura 18. Wannan 18 ɗin ita ce gaskiyar abin da aka samu, kuma a cikinta ƙanensa yana da rabo, a cikinta za a ci har sabon gero ya fito, a cikinta za a sayi takin damina, a cikinta kuma za a yi tsaraba.

Akwai ƙananan basussuka da ba su shiga wannan lissafi ba, su ne kuma aka fi mantawa da su: mai shayin bakin hanya, matar da ke aiko da tuwo daga ƙauye, mai cajin waya, makanikin da ya gyara inji ya ce a bari sai an girbe, maƙwabcin da ya ara maka galan ɗaya na fetur ranar da naka ya ƙare shinkafa tana tsakiyar ɗaukar ciki. Waɗannan mutane ba su da takarda, ba su da shaida, amana kawai suka riƙe. A ganina su ya kamata a fara sallama, tun kafin ɗan kasuwa, domin shi yana da littafi da hanyar bin kuɗinsa, ita kuwa mai tuwo in ka shiga mota shi ke nan. In kuma da wanda ba za a iya biya yanzu ba, a same shi ido da ido, a faɗa masa adadin da ranar biya, a rubuta a gaban mutum biyu. Gudun dare ba ya kashe bashi, sai dai ya rufe wa mutum ƙofar fadamar baɗi, shi da 'yan garinsu da za su zo bayansa.

Kada a ɗura shinkafa a buhu da danshi. Ma'aikatan gona suna so danshinta ya sauko zuwa kashi 14 cikin ɗari. Wanda ba shi da na'urar aunawa ya ɗauki ƙwaya ya ɓare ya ciza: in ta karye da ƙara, ta bushe, in ta lotse a haƙori, a mayar da ita tamfol ta ƙara shan rana. Shinkafa mai danshi takan yi zafi a cikin buhu, ta yi fumfuna, ta canza launi, mai saye kuma ya karya mata farashi. Game da sayarwa, lokacin girbi kowa yana fitar da tasa, shi ya sa farashi yakan faɗi. A sayar da abin da zai biya haƙƙin mutane, sauran a kai gida. Ɗan Dodoru yana da kasuwar hatsi a ƙofarsa, wadda har masu bibiyar farashin abinci a Afirka ta Yamma suke ɗaukar farashinta, ga kuma Jega ba nisa. Ba dole ba ne ya zubar da komai a bakin gona.

Yadda ake barin wuri

Fadama aro ce. Da rani ta manomi ce, bayan girbi dabbobi su shiga kala, da damina kuma ruwa ya karɓi abinsa. Duk abin da ka bari a ƙasa, ko saniya ta ci shi, ko yaro ya tsince shi, ko gulbi ya kwashe shi zuwa garin da ke ƙasa da ku.

Abin da ya fi komai haɗari shi ne robobin maganin feshi. Sau da yawa za ka ga an wanke robar maganin ciyawa an mayar da ita gorar ruwan sha ko ta man gyaɗa, alhali dafin ba ya fita da wanki ɗaya. Ƙa'idar da ma'aikatan gona suke koyarwa ita ce a ɗauraye robar sau uku, ana zuba ruwan ɗaurayar a cikin tankin feshi, sannan a huda ta ta yadda ba wanda zai sake amfani da ita, a kai ta inda malamin gona ya nuna, nesa da rijiya da mashaya. Ragowar magani kuwa a bar shi a robarsa ta asali mai rubutu, kada a juye shi a kwalbar lemo, kada kuma a sa shi buhu ɗaya da abinci ko tsarabar yara.

A cike ramin ba-haya da ƙasa. A toshe bakin rijiyar bututu, in kuma rami aka haƙa don inji ya sauka kusa da ruwa, a cike shi ko a kewaye shi da ƙaya, domin in ruwa ya rufe shi ba mai gane inda yake. A tattara ledoji da tsofaffin buhuna da guntayen tiyo. Leda in ta taru a tumbin dabba tana iya kashe ta. Murhu a zuba masa ruwa har toka ta yi sanyi, saboda iskar bazara tana iya tayar da garwashin da aka ɗauka ya mutu, ga zana ga busasshen kara ko'ina.

Karan shinkafar da aka buge kada a cinna masa wuta. A ƙarshen rani ciyawa ta ƙare, makiyayi yana neman abin da zai ba dabbobinsa. Ana iya sayar masa, ana iya ba shi, dabbobinsa kuma su bar taki a gonar. Amma a yi magana tukuna. Kafin ka tashi ka gaya wa makiyayan da ke kusa cewa taka gonar an gama, ta maƙwabcinka kuwa da saura. Rigingimu da yawa daga nan suke farawa: wani ya tashi bai faɗa wa kowa ba, shanu suka shiga kala, suka zarce cikin shinkafar da ba a yanke ba.

Wajen kwance bukka a yi hattara. Ƙarƙashin tabarma da cikin tarin buhuna wurin ɓuyan kunama ne da kububuwa. A ɗaga kaya da sanda, da rana, da takalmi a ƙafa. In tsautsayi ya faɗa maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya tamau; a hana gaɓar motsi a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Inji kuma jari ne. A kwance murfin ƙasa a tsiyaye ruwan da ke cikin famfon, a zazzage fetur daga tanki da kafireto don kada ya daskare ya toshe, a canza baƙin mai, a naɗe tiyo a ajiye a inuwa. Kada a bar shi a fadama da sunan za a dawo a ɗauka. Mutanen Kebbi sun ga ambaliyar 2010 da ta 2020, sun san yadda gulbi yake cika cikin 'yan kwanaki, musamman in an saki ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori.

Daga nan sai sallama. A je wurin mai gona, da mai gari ko mai unguwa, da limamin masallacin da aka riƙa bi, a yi godiya, a nemi gafara. In ana son filin baɗi, yanzu ne lokacin maganarsa.

Biyawa ta wurin dangi

Zumunci a ƙafa yake. Mutumin da ya yi wata huɗu a bukka ya tara bashin gaisuwa: an yi rasuwa bai je ba, an yi haihuwa bai je barka ba, an ɗaura aure ya aika da saƙo kawai. Waya ta rage nisa, amma tsohuwar da ta rasa mijinta ba ta ɗaukar kiran waya daidai da ganin ɗan ɗan'uwanta ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Hanyar komawa gida ita ce damar biyan wannan bashi, domin in aka shiga damina ba sauran tafiya sai kaka.

Magidancin namu yana da goggo a cikin garin Kalgo, ƙanwar mahaifinsa, wadda mijinta ya rasu yana fadama. Ku karanta yadda suka gana, mutum biyu su ɗauki muryoyin.

Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Goggo, barkanku da gida. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Kai ne tafe da ranar nan? Maraba, maraba. Shigo daga ciki. A kawo masa ruwa. Yaya ka baro mutanen fadama?"

"Lafiya ƙalau, suna gaishe ku. Goggo, ashe Baba lokaci ya yi. Yaya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri mun gode Allah."

"Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa ya huta. Ina bukka labari ya iske ni, ba halin barin inji a lokacin."

"Amin, amin. Ai saƙonka ya iso, ban riƙe ka ba. Yanzu dai sai ka yi mana mako ka huta. Dubi yadda rana ta mayar da kai."

"Goggo, da so samu ne wata zan yi miki. Amma kin ga hadarin jiya, gonar tudu kuwa ko shara ba a gama ba. Kwana biyu zan yi, jibi in Allah ya kai mu in kama hanya. In an gama noman farko zan turo miki yara su taya ki zama."

"To, Allah ya kai mu. Noma ai ba ya jira. Allah ya yi maka albarka."

Ku lura da abin da ya yi. Ya faɗi ranar tafiyarsa tun a zaman farko, da ladabi, da dalili. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne. Ƙarshen rani lokaci ne da rumbun kowa ya yi ƙasa, kuma mai masauki zai yanka kazar da ba shi da kamarta don kunyar baƙo. Wanda ya zauna mako guda a gidan da ake auna tuwo ya ɗora musu nauyin da ba za su taɓa faɗa masa ba. Shi kansa yana asara: in ruwan shuka ya sauka yana gidan wani, gero zai makara, kuma geron da ya makara da mako guda ana gane shi har ranar girbi.

Tsaraba a ware ta tun a bukka, a san ta wane da ta wane. Ga tsohuwa irin Goggo, kwano biyar na gyararriyar shinkafa ya fi mata amfani da rabin buhun shanshera, wanda sai ta nemi itacen turarawa da kuɗin inji kafin ta ci. Ga gidan surukai a haɗa da goro da sabulu. Yara ko alewa ce ta ishe su murna. Shawarar da nake ba duk mai wannan tafiya ita ce ya tura buhunansa gida tare da ƙanensa ko wani amintacce, shi kuma ya shiga dangi da tsarabarsa kaɗai. Wanda ya tsaya a ƙofar gidan 'yan'uwa da mota shaƙe da buhuna, kowa zai ƙirga su a matsayin nasa, ba wanda ya ga littafin bashi. Nan za a fara: wannan zai yi aure, wancan an kama masa babur, wannan yana son rancen buhu biyu zuwa kaka. Kunya ta hana shi cewa a'a, ya isa gida da abin da ba zai kai iyalinsa watan Agusta ba. Taimakon ɗan'uwa abu ne mai kyau, kuma wanda Allah ya hore wa ya yi. Sai dai ciyar da mata da 'ya'ya wajibi ne, shi ake fara cirewa, abin da ya ragu a yi alheri da shi da zuciya ɗaya.

Ana iya ba dangi mabukata zakka in ba waɗanda ciyar da su yake wuyan mutum ba ne. Goggo da ta rasa miji, ko ɗan'uwa matalauci, sun cancanta. Iyaye da mata da ƙananan 'ya'ya ba a ba su. Malamanmu kuma sun ce a raba ta a inda aka girbe ko kusa da nan, kuma da niyyar zakka tun farko. Ba a bayar da tsaraba sannan daga baya a ce a lissafa ta cikin zakka.

Wani abu kuma: wanda ya baro fadama da zazzaɓi, ko tari mai daɗewa, ko yana ganin jini a fitsarinsa, ya fara biyawa asibiti kafin ya shiga gidan mai jego ko ɗakin tsofaffi. Tsargiya daga shiga ruwan fadama ake kamuwa da ita, tana da magani, kuma jinkiri yana lalata mafitsara.

Hanya

A yi tafiya da rana, a bi tashar mota da aka sani, a tambayi direbobi halin hanya kafin a tashi. Kuɗi mai yawa a zuba shi a asusun banki ko a tura wa na gida, a riƙe na guzuri kawai. Wanda hanyarsa ta bi ta ruwa, kamar masu dawowa daga yankin Yawuri da Ngaski, kada ya shiga jirgin da aka cika fiye da kima, kada ya ƙetare da dare ko hadari na haɗuwa, in kuma akwai rigar kariya ya sa. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya taso daga jihar Neja zuwa Warra ya nutse a Kogin Kwara ɗauke da mutane fiye da ƙarfinsa, aka tsamo gawarwaki gommai. Jiran jirgi na biyu ya fi.

Game da salla, a Malikiyya ana yin ƙasaru ne in tafiyar ta kai mil 48, kusan kilomita 80. Wanda ya taso daga Yawuri ko Ibadan zuwa Dodoru matafiyi ne, zai mayar da mai raka'a huɗu biyu. In ya sauka a gidan dangi da niyyar kwana huɗu cikakku, sai ya cika sallarsa.

Shiga gida

A sanar da iyali ranar isowa. Sunnar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa, yau kuwa ga waya a aljihun kowa. A fara gaida mahaifa, sannan maƙwabtan da suka sa ido a kan gida.

Matar gida ita ma ta yi nata zaman na wata huɗu. Ita ta auna hatsi, ita ta kai yaro asibiti, wataƙila ta sayar da akuyarta ko ta ci bashin adashi don kada tukunya ta kwana a kife. Kafin a fara lissafin sabon babur, a zauna da ita a ji abin da ta kashe da abin da ake bin gidan, a mayar mata da nata. A buɗe mata littafin nan na bukka ta ga buhu nawa suka shigo, domin ita ce za ta riƙa ɗiba har sabon gero ya nuna, kuma wadda ta san adadi ta fi iya tattali. Buhunan a ɗora su a kan katako ko duwatsu, nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo. Sannan a duba fartanya da garma da irin shuka.

Tambayoyi da aiki

1. Manomi ya sami buhu 60 na shinkafar rani da ya shayar da inji. Buhu nawa zai fitar na zakka? Da ruwan sama ne ya shayar da ita, nawa zai fitar?

2. A cikin buhu 18 da suka rage wa magidancin Dodoru, ƙanensa ya ɗauki 6, an ware 1 na tsaraba, an sayar da 3 don takin damina. Nawa suka rage na ci? In gidan yana cin buhu 2 a wata, wata nawa za su kai?

3. Faɗi abin da ake yi wa robar maganin feshi bayan ta ƙare, mataki bayan mataki.

4. Ku tattauna a aji: ɗan'uwanka ya nemi rancen buhu biyu, kai kuma ka san abin da ya rage ba zai kai iyalinka kaka ba. Da waɗanne kalmomi za ka amsa masa ba tare da zumunci ya ɓaci ba? Mata su ma su faɗi yadda suke ganin lamarin daga cikin gida.

5. Aikin gida: ka ja layi uku a littafinka, ka rubuta "Suna", "Abin da yake bi na" da "Ranar biya". Ka cike su da basussukan da ke kanka na wannan rani, manya da ƙanana. Wannan shafi naka ne, ba sai ka nuna wa kowa ba; abin da za ka kawo aji mako mai zuwa shi ne gajeren saƙo na layi huɗu zuwa ga iyalinka, kana sanar da su ranar da za ka iso da hanyar da za ka biyo.